Ludayin Mma Lariba

Abin nan da kuka kulle a akwatin gilashi,
wanda hedimasta ke goge wa ƙura da hankicinsa,
ku kuna ce masa kofi.
Ni na san shi tun yana nutso a tukunyar koko,
tun bakinsa bai tsage ba, tun yana ludayi.

A Aboabo, inda katangar Kwalejin Tudu ta ƙare
ta Kwalejin Gangare ta fara,
nan Mma Lariba ke hura wuta kafin assalatu.
Koko mai citta da kanumfari, ƙosai a tsohuwar jarida.
Mu 'yan Tudu muna cin bashi ta dama,
'yan Gangare suna ci ta hagu,
ita kuwa tana ja da gawayi a bango,
layi kusa da layi.

Ran Asabar ɗin ruwa ya kwana yana zuba,
jar ƙasar Kumasi ta kama mu har ƙwauri.
Ni ne a raga.
Ɗaya da ɗaya, saura minti bakwai,
sai Kwaku Boakye, mai ƙafar hagu kamar taɓarya,
ya ɗirka wata da ta wuce ni, ta wuce sanda, ta wuce katanga.
Muka ji ɓulum.
Sai shiru. Sai tururi.

Ta shigo fili da ɗamara, koko har gira,
ƙwallo a hammata, ludayi a sama.
Usur ya suɓuce daga bakin Malam Seidu.
Ta wanke mu da Hausa, ta maimaita da Tonanci
don kada wani ya ce bai ji ba.
Ta ce, "Wanda aka ci zai biya tukunyata
da duk gawayin da ke bangon nan.
Wanda ya ci, ga ludayi,
ya bi su ɗaki ɗaki ya taro mini kuɗi."

Sauran ba na son faɗa.
Ƙwallon tana santsin koko,
ta taho a hankali kamar baƙuwa mai kunya,
ta bi ta tsakanin ƙafafuna.
Da dare suka shigo mana da ganga da gwangwani,
suna miƙa ludayi gado gado,
pesuwa na faɗawa, tana ƙara, suna shewa.
Kuɗin motar hutuna na zuba.
Ban je gida ba sai babbar salla,
kuma ban gaya wa tsohona dalili ba.

Kuɗi sun isa hannunta. Ludayi bai isa ba.
Sun rataye shi a ɗakin cin abinci da igiyar takalmi.
Ta yi aike sau biyu, ta gaji,
ta sayo na roba a Kejetiya,
tana mita wai bai san awon koko ba.
Da shekara ta zagayo muka ƙwace shi, uku da nema,
mu ma muka ƙi mayarwa.
Tsagar nan ta bakinsa, Mumuni ne,
ya ɗaga shi ta tagar tirotiro, ya ci karo da reshe.

Yanzu an yi masa gindin katako,
an zana shekaru a farantin azurfa,
Tudu goma sha tara, Gangare ashirin da uku.
Na duba gaba da baya, sunanta ba ya ciki.

Ran da ta rasu, makararta ba ta rasa kafaɗa ba.
Boakye ya tsaya bayan sahu, hula a hannu,
aka sallame, ya kama ƙafa ɗaya, ni ɗaya,
ba mu yi maganar ƙwallo ba har Tafo.

Gobe in kun ɗaga shi, kafin ku yi ihu,
ɗayanku ya kai hanci cikinsa.
Ni har yau citta nake ji.
Bangon kuwa an shafe shi da shuɗin fenti,
amma akwai layi uku a ƙasa, kusa da kwata,
na bayan wasan ne, nawa ne,
ban biya ba.