Shekarun Wake-wake

Na tambayi Goggo Tabawa a Kumo,
tana bakace a gindin rumbu:
shekara nawa kaza ke yi a duniya?
Ta ce, wa ya taɓa barin ta ta kai ƙarshe
balle mu sani?

Ta ce, riƙe lissafi da yatsunka.
Sha biyu aka ƙyanƙyashe wata Laraba.
Shirwa ta sure uku
tun ba su gane ƙofar akurki ba.
Ɗaya ya faɗa kwatami.
Muzurun gidan Manu ya yi sahur da biyu.
Ciwon nan mai sa su gyangyaɗi a tsaye
ya zo da bazara, ya tafi da rabonsa.
Zakarun da suka yi saura,
ɗaya kuɗin makarantar Barkindo,
ɗaya ranar da surukai suka sauka daga Pindiga.

Sai ita.
Wake-wake, mai gajerun ƙafafu,
mai ido kamar na 'yar kasuwa.

Sabo da kaza ba ya hana yanka,
ita ma ta san da haka.
Da ta ji sallamar baƙo a zaure,
ko ƙarar wuƙa a kan dutse,
sai ta bi ta ramin katanga
ta yini a cikin dawar bayan gida.
Ba ta dawowa sai an wanke tukunya.
Sau uku ana ɗora ruwan zafi dominta,
sau uku wata ce ta shiga.

Ta yi kwanci har na daina ƙirgawa.
Na sa mata ƙwan zabi, ta rene su,
suka girma suka tashi sama suka bar ta
tana kiran su daga ƙasa.

Damina ta shida ƙwai ya ɗauke.
Dillalin kaji ya ɗaga ta, ya matsa ƙirjin,
ya ce wannan sai dai a kwana ana hura wuta.
Ya ajiye ta.
Tun daga ranar ta daina gudu.
Baƙo na sallama, tana kwance kusa da turmi,
ido ɗaya a rufe.

A ta tara, bayan an cire gyaɗa,
na fito da gara a kasko,
na kira, na sake kira.
Tana nan inda take kwana,
kai a cikin fiffike,
ba jini, ba gashi a warwatse.

Maƙwabta suka ce an yi asara,
nama ya zama mushe.
Na haƙa mata rami a gindin zogale.

Goggo ta kaɗe faifai,
tsaki ya zuba, sababbi suka rugo.
Ta ce, to, ka ji.
Tara, in gidan ba ya yawan baƙi.
Kai kuma yaushe za ka koma?
In kwana za ka yi, a kama waccan ja.