Tafinta

Lasifikan nan biyu na Baba ne,
katako mai nauyin buhun masara,
ya sayo su shekarar da aka ƙara masa girma a reluwe.
Amfilifayar ma tana nan, sai ta yi ɗumi take magana,
kamar shi.

Amma yanzu kiɗa ya koma lissafi.
Goge, kalangu, muryar Baba ranar sunan Ramatu,
duk an kwashe su daga kaset an ɗura a kwamfuta,
sifili da ɗaya, ɗaya da sifili.
Na jona waya kai tsaye, na kunna:
goge ya fito siriri kamar kukan sauro,
kalangu ya rasa cikinsa.

Isiyaku mai gyaran rediyo a Tudun Wada
bai ko ɗago daga dalmar da yake narkarwa ba.
Ya ce, "Tafinta kake nema, Malam.
Injinka lamba yake ji, akwatin Baba iska yake ji,
sai an sa wani a tsakani."
Ya rubuta min sunan a bayan kwalin ashana: dak.

Ran Asabar na nufi Sabon Gari
da dubu arba'in a aljihun ciki.
Uwani ta ƙirga su sau biyu kafin in fita,
ta ce, "Kunne dai ba ya cin tuwo."

Obinna ya jera min uku a kan gilashi.

Na farko fari sol, da ƙafafu ruwan zinariya.
Ban tambayi kuɗinsa ba, shi ya faɗa,
na ga rajistar Ramatu ta shekara guda
zaune cikin kwali tana kallona.
Na janye hannu.

Na biyu bai fi sabulun wanka ba,
dubu shida, da 'yar fitila shuɗiya mai ƙyafta ido.
Yana kiɗa ba laifi,
amma da kiɗa ya tsaya sai ka ji shuuu,
kamar man da ke jiran ƙosai.
Wanda bai iya shiru ba, ina zai iya magana?

Na ukun ɗan gwanjo ne.
Ba kwali, ba takarda, gefensa a kuje,
wani a wata ƙasa ya gaji da shi.
Obinna na karanto min lambobi,
ashirin da huɗu, casa'in da shida,
na ce bari, ni ba da ido zan saya ba.
Na ciro muryar Baba daga aljihu,
muka jona.

Kasuwa na ta hayaniyarta,
janareta, masu kura, wani na rantsuwa kan canji.
Na dafe abin kunne da hannu biyu.
Ga Baba yana addu'a, wannan na sani.
Amma can bayansa
ludayi ya bugi bakin tukunya,
jirgin ƙasa ya yi kuka wajen tasha,
sai wani ɗan tari, gajere, sau biyu,
wanda shekara ashirin da biyu yana cikin kaset ɗin
ban taɓa jin sa ba.

"Hamsin," in ji Obinna.
Na ce talatin. Ya ce albarka.
Na taka har bakin ƙofa, ƙafata na yi min gardama.
A talatin da takwas muka sha hannu,
ya ƙara min waya, ya ce garantin sati ɗaya,
shi ma don ni ne.

Na iso Gyallesu ba wuta.
Na share ƙura, na jona komai, na zauna a duhu
ni da akwatuna huɗu.
Sai sha ɗaya saura aka kawo.
Na jira amfilifaya ta yi ɗumi.

Uwani na bakin ƙofa da tsintsiya a hannu,
ta zo cewa in rage, yara na barci.
Ludayi. Jirgi. Tari.
Ta jingine tsintsiyar.
"Wannan ai Inna ce," ta ce.
"Mayar da shi baya kaɗan."