Mu Sa Ta a Addu'a

Ni ban ce ta yi ba.
Wannan na dogara da shi har wata uku, kamar sanda:
ban ce ta yi ba, cewa na yi an gan ta.
An ga Afiniki a Kwangila, ƙarfe tara na dare,
tana sauka daga motar da ba ta mijinta ba.
Ni ce na gani, amma "an gani" ya fi sauƙin haɗiya.

Ranar Talata, a Zumuntar Mata,
na jira aka ajiye tulu da caki,
na sunkuyar da kai, na yi wa murya laushi:
"Akwai wata a cikinmu, mu sa ta a addu'a."
Ban kama suna ba.
Na dai kalli bencin da ta saba zama.
Mata goma sha huɗu suka ce amin,
ban taɓa jin amin mai yunwa kamar wannan ba.

Kafin Lahadi magana ta yi ƙafa.
Ta bi layin famfo, ta tsaya wurin niƙa,
ta hau acaɓa zuwa Tudun Wada,
ta dawo Wusasa da sabon zane.
Mota ta zama jif, dare ɗaya ya zama kullum.
Da na ji ta a bakin Damaris, ban gane 'yar cikina ba,
har na tafa hannu na ce, "Mutane ba tsoron Allah."

Wata yamma sai ga Afiniki da tukunyar da ta ara.
Ta zauna bakin tabarma, ta kwance ɗankwali.
Kanta sumul kamar bayan ƙwarya.
"Ɗan ƙanwata ke ɗauko ni daga Shika," in ji ta,
"ranar da suka ɗaura mini ruwan nan mai cin gashi.
Na ɓoye ne don kada Mama ta ji.
An ce ke kika sa a yi mini addu'a, Rahila. Na gode.
Ki ci gaba, amma ki faɗa wa Allah shi kaɗai,
shi ba ya zuwa wurin niƙa."

A daren nan na so in ɗora wa harshe laifi.
Harshe kuwa guga ne, abin da ke rijiya yake jawowa.
Na leƙa, Ya Yesu, da fitilarka na leƙa,
sai ga mushe can ƙasa, ya kumbura:
zaɓen ma'aji na bara,
ƙuri'a biyu da ta fi ni.
Ni na fara yi mata tafi ranar,
har tafin hannuna ya yi ja.

Lahadin Jibi na durƙusa da sauran jama'a.
Gurasa ta iso gabana, na tuna
wannan bakin ne, ba ni da wani.
Na naɗe hannu, fasto ya ɗan tsaya, ya wuce.

Talata na miƙe ba tare da sunkuyar da kai ba.
"Akwai wata a cikinmu," na ce, "sunanta Rahila."
Na faɗi abin da na yi, ban faɗi ciwon Afiniki ba,
wannan ba kayana ba ne da zan baza.
Amin ɗin ya fito ƙanƙani, daga baki uku ko huɗu.

Na san akwai gida a Tudun Wada
da har gobe jif ɗin na fake a ƙofarsa.
Ban san hanyar zuwa can ba.

Yanzu duk Alhamis ta uku ni ke riƙe mata roba a Shika.
In mun dawo, Dutsen Kufena na kallonmu daga nesa,
shekara nawa yana ganin garin nan bai ce uffan ba.
Damaris ta tare ni jiya: "Ina kuke zuwa ne haka?"
Magana ta taso har maƙogwaro, da ɗuminta, da zaƙinta.
Na ce, "Yaya yara?"