Watan da Ya Ɓace a Jadawali

Ƙarfe goma na dare a Ketu.
Janareton maƙwabci na tari, shayina ya huce,
gabana kwamfuta, gefena kwali,
rasit dubu huɗu na albasar Alhaji Gwadabe.

Maganarsa ba ta da tsawo:
"Hansatu, jera mini su wata-wata,
in ga inda kuɗina suka kwana."

To.
Yaron Aliero ya rubuta 3/4,
magatakardan Mile 12 ya rubuta 4/3.
Mota ɗaya, direba ɗaya, buhu ɗari biyu,
amma a takarda ta iso Legas sau biyu,
uku ga Afrilu da huɗu ga Maris.
Shi kuwa Malam Barau bai san lamba ba,
"bayan ƙaramar Salla da kwana biyu" ya sa,
ya danna babban yatsa a ƙasa.

Na buɗe fayil ɗin da akanta Oyewole ya turo,
ranakun duk sun tuɓe riga.
Inda nake neman Alhamis, sai ga 45372.
Ashe na'ura ba ta san Alhamis ba,
kwana take ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya,
tun kafin a haifi kakata.

Na ce ta tara su wata-wata. Ta tara.
Sai ta jera su da harafi, kamar rajistar 'yan aji:
Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu,
Janairu na biyar yana zumɓura baki,
Yuli can a gindin layi.
Shekara ta zama cunkoson Ojota,
kowa ya kutsa kai inda ya ga sarari.

Na yi musu irin ta gidanmu wajen gaisuwa:
babba gaba, ƙarami baya.
Shekara tukuna, sai wata, sannan rana.
Nan take kowa ya san matsayinsa,
Janairu ya koma gaba yana gyara hula.

Na ƙirga layuka.
Sha ɗaya.
Na goge tabarau, na sake.
Sha ɗaya.

Daga Mayu an tsallaka Yuli,
ba ɗinki, ba tabo.

Sai na tuna.
Yuni ne motar Ɗanlami ta kife bayan Jebba,
ɗan Alhaji na fari, mai kawo mini kilishi a jarida.
Aka sa wa rumfa kwaɗo, aka tafi gida,
ruwa ya yi ta dukan tamfol ba mai ɗagawa.
Kwana talatin ba rasit ko ɗaya.
Ita kuwa na'ura, abin da ba a rubuta ba
bai taɓa faruwa ba.

Ban yi mata faɗa ba, ita ba ta je ta'aziyya ba.
Na buɗa tsakanin Mayu da Yuli da hannuna,
na rubuta Yuni,
buhu: sifili, kuɗi: sifili.

Da safe na shiga danfo da takarda a jaka,
ƙafata cikin caɓin tumatir har rumfa.
Alhaji ya bi layi da yatsa yana gyaɗa kai,
Maris ya yi kyau, Afrilu ba laifi.
Yatsan ya zo kan sifili ya tsaya.

Mai ɗaukar kaya na ta kiransa daga waje.
Bai ɗaga ba tukuna.