Ƙwallo na Takwas

Ƙarfe shida a Kaunas, gari bai waye ba,
ƙanƙara ta daskare a bakin gareji.
Birutė ta shigo da motar burodinta tana mita:
"Da sanyin safiya gardama take min,
daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu sai ta yi dogon tunani,
can kuma ta zabura kamar an mintsine ta."

Steponas bai ce uffan ba.
Ya zaro ma'aunin mai, ya goga a farar takarda, ya kai hanci.
Man da aka zuba ja jawur
ya koma baƙin shayi, yana ƙauri.
"Jolanta, kwance kwanon."

Noti goma sha huɗu.
Mai ya gangaro mini har gwiwar hannu.
A gindin kwano maganaɗisu ya tsirar da gemu
na garin ƙarfe, laushi kamar toka.

Muka sauke gidan bawul, muka raba shi biyu a tebur.
Cikinsa unguwa ce guda:
lunguna, mararraba, hanyar da ba ta ɓullewa,
nan mai ke bi ya tura, ya danne, ya saki.
"Kowane bawul da sifirinsa," in ji shi,
"kar ki haɗa ɗan wani da uban wani."
Na jera su a kan tsumma, hagu zuwa dama.
Na ukun ne ya cije.
Dattin da bai kai ƙwayar gishiri ba,
shi ke sa burodi makara a Garliava.

Na wanke, na hura iska, na sauya matata.
Saura ƙwallayen ƙarfe, ƙanana kamar idon kifi.
Takwas na cire.
Bakwai na ƙirga.
Na sake ƙirgawa, gabana na faɗuwa. Bakwai.

Ya kashe rediyo.
Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara,
muka bi siminti da tocila, taku taku,
ƙarƙashin jak, bayan durom, cikin magudana.
Can ya miƙa yatsa cikin naɗin ƙafar wandona,
ya ɗago shi yana ƙyalli.
Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Ya ɗiga basilin a ramin, ya ɗauki hantsaki.
Hannun ya yi rawa.
Ya sake gwadawa, ya sake rawa.
Shekara arba'in da ɗaya hannun nan bai taɓa saɓa masa ba.
Ya dubi taga, ya miƙo mini.
Na saka. Ya zauna daram.

Da azahar muka hau gadar Nemunas.
Ɗaya, biyu, uku,
ko kofin shayin da ke gabanmu bai motsa ba.
Birutė ta biya, ta ɗora da baƙin burodi mai ɗumi,
ta ce, "Hannunka bai tsufa ba, Steponas."

Ya gyaɗa kai,
hannuwansa biyu cikin aljihu.
Ni na yanka burodin.