Sidi Biyar na Tsoro

Ƙarshen Oktoba ne, Mutala.
A Osu sun fafe kabewa, sun yi mata ido da haƙora,
sun dasa kyandir a cikinta.
Mu a Nima kabewa miya ce,
tsoro kuwa ba sai an koya mana ba.
Ajiye sidi biyar ɗinka, jawo benci.
Wasan firgita kake so? To, buɗe kunne.

Sunayen da ke jikin faifan sun ƙi zama a bakina,
sai muka raɗa musu namu.

Fara da Mai Gadin Asibiti.
Ba bindiga, ba adda, tocila kaɗai,
batirinta na shan wuya kamar wayar Kwabena.
Gadaje arba'in, kowanne zaninsa a shimfiɗe,
ka juya baya, ka waiwayo,
ɗaya ya yi tudu.
Kada ka ɗaga zanin.
Na san za ka ɗaga. Kowa sai da ya ɗaga.

In ka fito wandonka a bushe,
sai ka sauka Rijiyar Zinariya.
Abin da ke ƙasa makaho ne, kunnensa ne idonsa.
Rarrafe za ka yi, numfashi a dunƙule.
A kan bencin nan na ga Inusa makanike,
ƙaton da ke rungumar injin torotoro shi kaɗai,
yana jan Falaƙi da Nasi ƙasa-ƙasa,
yana roƙon yara don Allah su bar tauna gyaɗa.

Na gawarwaki masu gudu, bar wa ƙananan.
Jini ne kawai, kamar mahauta ranar layya.
Hayaniya daban, tsoro daban.

Na ukun ba kowa nake ba wa ba.
Gida ne, gida kawai.
Tukunya na tafasa, rediyo na magana,
wata murya a ɗaki tana kiranka cin abinci,
ta san sunanka, ta san na yarinta.
Matsalar ɗaya ce:
tun farkon wasan ka binne mai muryar.

Ka'idar shagona ba ta da yawa.
A kashe ƙwan lantarki, a toshe kunne biyu,
wanda ya jefar mini da abin dannawa ya biya.

Daren Talata Sadisu na tsakiyar gidan nan,
taku na bin sa daga soro,
sai dumso ta faɗo.
Allo ya mutu, fanka ta mutu, Nima ta yi ɗif.
Amma takun bai mutu ba.
Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.
Labule ya motsa.
Mu bakwai muka cure a lungu kamar ƴan tsaki,
ni da gemuna ina ƙasan tebur.
Ashe Hajiya Lariba ce mai wake da shinkafa,
ludayi a hannu, ta zo kamun ɗanta.
Har yau ba a ƙera dodon da ya kai ta ba.

Kana dariya. Yi abinka.
Ka san me ya sa nake son wasannin nan?
Tsoronsu yana da maɓalli.
In ya kai maka wuya, ka danna, ya tsaya cak,
ka sha ruwan leda, ka dawo.
Ruwan Yuni da ke cika babban kwata ba ya jin dannawa.
Mai gida da ke son hayar shekara biyu ba ya ji.
A allo ka mutu sau goma, ka tashi sau goma.
Yayana Fuseini da ya bi hanyar Agadas
rai ɗaya aka ba shi,
lambarsa tana nan a wayata, ban goge ba.

Kai, bar wannan.
Ga wuta ta dawo.
Karɓi, zauna daidai.
Wanne zan sa maka?
Asibitin?
To. Ka tuna zancen zani.