Faifai Ɗaya

Rhona ta ce ɗakin can ƙarami ne:
gado, kujera, taga mai kallon kogin Tay.
"Baba, garmahon zai shiga,
amma faya-fayan Garrick Thole har tara?
Zaɓi wanda ya fi. Sauran na ajiye maka a gareji."
Gareji! Inda danshi ya cinye keken mijinta.

Sai na baje su a kan dardumar falo
kamar mai rabon gadonsa tun da ransa.

Na farko, mai baƙin bango,
yaro ne a ciki, murya ɗanya shakaf,
jita na kuka kamar an taka mata wutsiya.
Rabin albashin mako ya ci mini
lokacin ina masaƙar buhu a nan Dundee.
Da uwata ta ji, sai ta leƙo ta ce,
"Injin ne ya biyo ka gida?"

Na uku shi ne na masana.
'Yan jarida sun naɗa masa rawani tun yana ɗumi,
kuma ban ce sun yi ƙarya ba:
babu waƙar da za ka tsallake,
ganga da jita sun zauna daram kamar haƙori da dasashi.
Sai dai kyansa irin na falon baƙi ne,
ka shiga da ladabi, ka fito ba ka miƙe ƙafa ba.

Na huɗu na Murdo ne,
wanda aka ɗauka a gaban taro.
Shekara arba'in muna sa-in-sa a kansa,
kowace Juma'a, teburi ɗaya, kusurwa ɗaya.
Yana rantsuwa fiton da ake ji bayan waƙa ta biyu nasa ne,
alhali ranar yana aikin dare, ni shaida ne.
Bara muka kai shi makwanci cikin yayyafi.
Yanzu in na sa faifan
fiton nake jira,
kuma na daina musu.

Na bakwai, kai, na bakwai!
Ya yar da jita ya rungumi na'ura,
ya sa rigar walƙiya kamar kifin gwangwani.
Sau biyu na saurare shi, na biyun don in tabbatar.
Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na tara, murya ta yi tsatsa,
numfashi na fita tsakanin kalma da kalma.
Da ya fito na ce tsoho ya gaza.
Yau da nake hutawa sau biyu a kan matakala
na gane ni ne ban iso wurin ba tukuna.

Ga na biyar can gefe, mai koren bango,
wanda ba a taɓa sa shi a wani lissafi ba.
Kofin shayi ya bar masa zobe a goshi.
Daren sabuwar shekara, saba'in da shida,
Ishbel na rawa ba takalmi,
ƙugunta ya daki teburi, allura ta yi tsalle ta ja layi.
Tun ranar, a waƙa ta uku,
Garrick na maƙalewa a gaɓa ɗaya,
zan da, zan da, zan da,
har sai ta ƙwalo daga kicin,
"Innes, tura shi mana, ya ƙarasa!"

Shekara shida ke nan ba mai ƙwalowa.
Nakan bar shi ya yi ta nanatawa
har ruwan shayi ya tafasa.

Rhona ta ɗaga shi ta duba a hasken taga.
"Wannan ai ya lalace, Baba.
Bari in sayo maka sabo, ko in sa maka a waya."

Na karɓe abina na soke a hammata.
Na ce, sabon bai san uwarki ba.
Ɗauko mini kwat ɗina,
kuma ki ɗora sauran a kan katako,
kada su taɓa ƙasa.